Yadda kamfani zai cika ƙa'idojin muhalli tun kafin sifeto ya ƙwanƙwasa ƙofa

Yawancin masu kamfanin da na taɓa zama da su kan maganar muhalli, sai bayan takardar gargaɗi ta iso hannunsu suke neman mutum. Ko dai sifeto ya zo ya ga baƙin mai na bin kwata, ko banki ya ce ba zai saki kuɗin aiki ba sai ya ga rahoton muhalli, ko kuma maƙwabta sun gaji da ƙura sun fito sun tare hanyar tifa. A lokacin ne za ka ji ana cewa don Allah a zo a haɗa mana takardu cikin sati ɗaya. Toh takarda dai ana iya haɗawa, amma man nan da ke bin kwata zai ci gaba da bi, kuma yaran da ke wasa a ƙarshen kwatar suna nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shi yasa nake so in bi da kai yadda ake yin abin daga tushe, ko masana'anta gareka, ko kamfanin gine-gine, ko gareji, ko otal, ko asibiti, domin hanyar kusan ɗaya ce, girman aikin ne kawai ya bambanta.

Abu na farko ba a ofis ake yinsa ba. Ka ɗauki littafi da biro da waya ka zagaya wurin aikinka da ƙafa, tun daga get har bayan katanga, kana tambayar kanka abu biyu kacal: me ke shigowa, me ke fita. Ruwa na shigowa, wuta, dizal, kemikal, siminti, kwali, leda. Toh a wane kama suke fita? Wani ya fita a matsayin kayan da ka sayar, sauran kuma ya fita a hayaƙi, ko ruwan datti, ko shara, ko ƙara, ko wari, ko zafi. Duk abin da ya shigo sai ya fita ta wani wuri, in baka san ta inda ya fita ba to nan ne matsalar take. Ka bi kowace kwata da idonka har ka ga inda ta ƙare, kar ka yarda da zanen da aka yi shekara goma da suka wuce, saboda sau da yawa an sake haɗa bututu bayan nan ba wanda ya rubuta. Kuma ka tafi da mutanen da ke aikin da hannunsu, mai kula da janareta, sitokifa, mai shara, maigadi. Su ne suka san wane durom ke yoyo, su suka san da wane lokaci ake buɗe bawul a saki ruwa, kuma in sun ga ba laifi kake nema ka ɗora musu ba, za su gaya maka abin da manaja bai sani ba.

In ka gama, kar ka tsaya a yadda aiki ke tafiya ranar da komai lafiya. Ka tambayi ranar da ake wanke injin, ranar da wuta ta ɗauke fanfon tace ruwa ya tsaya, ranar da aka yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ranar da gobara ta tashi aka kashe ta da ruwa, shi ruwan kashe gobarar ina zai gangara da abin da ya kwaso. Galibin ɓarna mai girma a irin waɗannan ranakun take faruwa. Sai ka zauna ka jera abin da ka gani, kowanne ka ba shi maki biyu: yawan yadda zai iya faruwa, da girman ɓarnar in ya faru. Guda biyar ko shida da suka fi maki, su ne aikinka na bana. Ba za ka iya gyara komai lokaci ɗaya ba, kuma wanda ya ce zai yi hakan ƙarshenta bai gama ko ɗaya ba.

Sai maganar doka. Kowace ƙasa da nata dokokin da hukumarta, wani wurin ma gwamnatin tarayya da nata, jiha ko lardi da nata, ƙaramar hukuma da nata, don haka sai ka je hukumar muhallin da ke kula da inda kake ka tambaya kai tsaye, ka kuma nemi amsar a rubuce. Amma abubuwan da ake nema kusan iri ɗaya ne ko'ina: izinin fara aiki, izinin ɗiban ruwa, izinin sakin ruwan datti, iyakar hayaƙi da ƙara, ƙa'idar ajiye kemikal, da yadda ake zubar da shara mai haɗari. Ka buɗe teburi ɗaya a kwamfuta, layi ɗaya ga kowace ƙa'ida: me ta ce a yi, wa zai yi a cikin kamfanin da sunansa, yaushe, kuma wace shaida za a nuna cewa an yi. Wurin da mutane suka fi faɗawa shi ne bayan lasisin. Ana karɓo lasisi a sa a firam a rataye a bango, alhali shafukan da ke biye da shi suna ɗauke da sharuɗɗa, a auna ruwa duk wata uku, a kai rahoto duk shekara, a sanar da hukuma kafin a ƙara injin. Lasisin da ba ka cika sharuɗɗansa ba ba zai kare ka ba. Ka karanta su ɗaya bayan ɗaya, ka sa ranar ƙarewar kowanne a kalandar wayarka da tazarar wata uku kafin ranar.

Akwai wata ƙa'ida da ke ƙarƙashin kusan duk dokokin nan, wadda OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe masu arziki, ta fara amincewa da ita a 1972, aka kuma sake jaddada ta a taron Riyo na ƙasar Barazil a 1992: wanda ya gurɓata shi zai biya. In ka riƙe wannan a ranka, lissafinka zai canza, domin kuɗin gina wurin ajiye mai mai kyau ba komai ba ne in ka gwada shi da kuɗin haƙe ƙasar da man ya jiƙa, da tara, da diyya, da watannin da aiki zai tsaya.

Kuma fa ba gwamnati kaɗai ke da sharaɗi ba yanzu. Hukumar IFC, reshen Bankin Duniya mai ba kamfanoni masu zaman kansu rance, tana da ƙa'idoji 8 na muhalli da zamantakewa, waɗanda aka sabunta a 2012, kuma manyan bankunan kasuwanci da dama sun ɗauke su ta hanyar yarjejeniyar da suka fara tsakaninsu a 2003. Ke nan in za ka nemi babban rance, da wuya ka tsallake su. In kuma kana sayar da kaya zuwa Tarayyar Turai, tun Oktoba 2023 suka fara neman bayanin hayaƙin da aka fitar wajen yin siminti, ƙarfe, alminiyom, takin zamani da wasu kaya kaɗan da ake shigar musu. Mai sayen kayanka ne zai juyo ya tambaye ka lambobin, in baka da su sai ya nemi wanda ke da su.

Yanzu bari in zauna kan sabon aiki, domin nan ne aka fi samun riba kuma nan aka fi yin asara. Kafin ka sayi fili ko ka karɓi haya, ka binciki tarihinsa. Me aka taɓa yi a wurin? Gidan mai ne da, ko juji, ko wurin jima, ko wurin narka batir? Akwai tsohon tanki a binne? A garin Nayagara Fols na Amurka akwai wani wuri da ake kira Love Canal, kamfanin kemikal ya binne sharar guba tan dubbai a ciki, a 1953 ya sayar wa hukumar makarantu filin a kan dala 1, aka gina makaranta da gidaje. Zuwa 1978 gubar ta fito har cikin gidajen mutane, aka kwashe ɗaruruwan iyalai, kuma wannan ne ya jawo dokar da Amurka ta yi a 1980 ta tilasta tsaftace irin waɗannan wurare. A ƙasashe da yawa wanda ke riƙe da filin yau ana iya kama shi da alhakin dattin da ya tarar. Don haka ka sa a ɗebi ƙasa da ruwan ƙasa a kai ɗakin gwaji kafin ka sa hannu, ba bayan ka sa ba.

Sai binciken tasirin aiki ga muhalli, wanda aka fi sani da EIA. Amurka ce ta fara mai da shi doka a farkon 1970, yau kusan kowace ƙasa na da irinsa. Ba kowane aiki ke buƙatar cikakken bincike ba, hukuma ce ke tantancewa ta ce naka babba ne ko matsakaici ko ƙarami. Abin da nake roƙonka shi ne lokaci. Ka kira masu binciken tun injiniya na kan zane, lokacin da matsar da gini mita 50 daga bakin rafi goge layi ne kawai a takarda. In ka bari sai an zuba fandisho, rahoton ya zama ado, ba abin da zai iya canzawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma ka tabbata sun auna yadda wurin yake kafin ka taɓa shi, ingancin ruwan rijiyoyin da ke kusa, ƙura, ƙara, itatuwa, hanyar da mutane da dabbobi ke bi, in da hali a lokacin ruwa da lokacin rani duka. Wannan awon na farko shi ne zai kare mutane in ka yi ɓarna, shi ne kuma zai kare ka in an ɗora maka abin da ba kai ka yi ba. Ka yi hattara da mai ba da shawarar da zai kawo maka rahoto mai shafi 300 bai taɓa taka filin ba, na taɓa karanta wani da aka manta ba a ma cire sunan wani garin daban daga ciki ba, kuma abin ya dame ni ƙwarai domin rayuwar mutane aka kwafa aka liƙa haka nan.

Ga kowace illa da binciken ya gano, akwai jerin da ake bi kuma jerin na da ma'ana. Da farko ka nemi kauce mata gaba ɗaya, ka canza wuri, ko hanya, ko kayan aiki. In ba ta kautuwa ka rage ta. Abin da ya lalace duk da haka ka gyara shi. Sai abin da ya rage wanda ba ya gyaruwa, shi ake biyan diyyarsa ko a maye gurbinsa a wani wuri. Mutane na son tsallakawa zuwa na ƙarshe, a sare tsofaffin itatuwa a ce ai za mu dasa wasu. Dashen da aka yi yau sai ya yi shekaru masu yawa kafin ya ba da inuwa da riƙe ƙasa irin na wanda aka sare, wannan ma in an ci gaba da ba shi ruwa bayan an ɗauki hoto.

Daga rahoton ake fitar da tsarin kula da muhalli na aikin, kuma ga inda abin ke mutuwa a ayyuka da yawa: tsarin na cikin fayil, kwantiragin ɗan kwangila na wani fayil daban, babu abin da ya haɗa su. Ɗan kwangila abin da aka rubuta a kwantiragi aka kuma sa wa kuɗi shi yake yi. Don haka ka shigar da matakan cikin takardar neman kwangila tun farko, kowanne da layin kuɗinsa, yayyafa ruwa don ƙura, kwashe shara, banɗakin leburori, gyaran ramin da aka ɗebi ƙasa. Ka kuma rubuta cewa za a riƙe wani kaso na kuɗi sai an ga an gyara wurin. Ƙananan 'yan kwangilar da shi zai ɗauko su ma sharaɗin ya hau kansu, domin in tifar wani ta juye ɓaraguzai a rafi, sunan aikinka za a kira.

Maƙwabta kuwa, ka je musu tun kafin katafila ta iso, kar su fara sanin aikinka ta hanyar ƙarar injin. Ka faɗa musu me za a yi, tsawon wane lokaci, wace hanya motoci za su bi, da ƙarfe nawa za a fara a tashi. Ka saurari mata daban in taron gaba ɗaya ba zai ba su damar magana ba, domin sau tari su suka fi sanin maganar ruwa. Ka ba da lambar waya ɗaya da mutum ɗaya mai karɓar koke, da littafin da ake rubuta kowane koke da ranar da ya shigo da ranar da aka amsa. Koken da aka amsa cikin kwana uku ba ya zama zanga-zanga. Kar kuma ka yi alkawarin da baka sa a kasafi ba, gara ka ce ba zan iya ba a gaban kowa da ka ce toh sannan a neme ka a rasa.

A filin aiki, ƙananan abubuwa ne ke yin yawancin aikin. Duk tankin mai ko durom ɗin kemikal ya zauna kan daɓen siminti da ƙaramar katanga kewaye, wadda za ta iya riƙe kashi 110 cikin 100 na abin da tanki mafi girma ke ɗauka, wannan shi ne ma'aunin da aka fi amfani da shi. Kar a huda katangar don ruwan sama ya fita, ana yin haka da yawa kuma ya kashe amfaninta gaba ɗaya, a yi rufi ko a riƙa duba ruwan kafin a kwashe shi. A ajiye yashi ko ƙyallayen tsotse mai da shebur da durom marar komai kusa da wurin. Kowane kemikal da ka saya yana da takardar bayanin haɗari mai sashe 16, haƙƙinka ne mai sayarwa ya ba ka. Sashe na 6 ya faɗi abin yi in ya zube, na 7 yadda ake ajiye shi, na 13 yadda ake zubar da shi. Ka fassara wa ma'aikata muhimman wuraren da harshen da suke ji, ka liƙa a bangon sito. Kuma kar a zuba kemikal a robar ruwan sha ko wani mazubi marar suna, ko na minti biyar ne.

Ruwan wanke motar kankare da kwanon kwaɓa siminti yana da kaifi sosai, ma'aunin pH ɗinsa, wato awon tsami ko kaifin ruwa, na kaiwa wajen 12, yana ƙona fata yana kashe kifi, alhali ƙa'idar da aka saba bi ga ruwan da za a saki ita ce tsakanin 6 da 9. A haƙa masa rami a shimfiɗa leda mai kauri, ya bushe a fasa a kwashe. Ƙasar sama da katafila ta kankare a tara ta gefe daban, kar a gauraya ta da ta ƙasa, ita ce za ta sa ciyawa ta sake fitowa in an gama. A rufe tifa da tamfol. Inda ƙara ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti na tsawon yinin aiki, ma'aikaci na buƙatar abin toshe kunne, kuma gwajin da kowa zai iya yi shi ne in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kusa da kai ya ji ka, to an kai wurin ko an kusa. In kuma ana haƙa aka ci karo da kabari ko kayan tarihi, a tsaya nan take a kira hukuma, foman ya san wannan tun ranar farko.

Shara tana bin sunanka har inda ta ƙare. Ka fara da rage ta, sannan sake amfani, sannan sayar wa masu sarrafawa, zubarwa ce ta ƙarshe. Ka raba mai haɗari daban: baƙin mai, batir, ragowar fenti, ƙyallen da ya sha mai, kwan fitila mai ɗauke da makuri (wato zaiba), tsohon rufin asbesto, kayan asibiti. Cokali ɗaya na shara mai haɗari in ya shiga cikin sauran, duka tarin ya zama mai haɗari kuma kuɗin kwashe shi ya ninka. Wanda zai kwashe maka kuma ka ga lasisinsa da idonka, ka karɓi rasit mai nuna iri da nauyi da inda aka kai, sannan wata rana ka shiga mota ka bi shi ka ga wurin. A 2006 wani jirgin ruwa mai suna Probo Koala, wanda kamfanin Trafigura ya ɗauka haya, ya miƙa shara mai guba ga wani ƙaramin ɗan kwangila a Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa, shi kuma ya bi dare ya zubar a wurare daban-daban cikin birnin. Sama da mutum 100,000 suka nemi magani, kuma a 2007 kamfanin ya biya gwamnatin ƙasar kusan dala miliyan 200 duk da bai amsa laifi ba. Wannan kuma bayan an riga an yi yarjejeniyar Basel tun 1989 kan safarar shara mai haɗari tsakanin ƙasashe. In wani ya ce zai kwashe maka a kan kuɗin da ya yi araha fiye da kima, ka tambayi kanka ina zai kai ta.

Kan awo, magana ɗaya gareni: ka auna da gaske, ka rubuta abin da ka gani. Ka yi amfani da ɗakin gwajin da hukuma ta amince da shi, a ɗebi ruwan lokacin da injin ke aiki sosai ba ranar hutu ba. In sakamako ya fito ya wuce iyaka, ka nemo dalili, ka gyara, ka sake aunawa, ka kuma sanar da hukuma in sharaɗinka ya ce haka. Sifeto da ya ga lamba marar kyau tare da bayanin gyaran da aka yi ya fi natsuwa da kai a kan wanda ya ga lambobi iri ɗaya sak wata goma sha biyu a jere. Kamfanin Volkswagen ya sa wa motocinsa masu dizal, kusan miliyan 11 a duniya, wata manhaja da ke gane lokacin gwaji ta rage hayaƙi, a 2015 asiri ya tonu, abin da ya biya na tara da diyya ya kai dala biliyoyi masu yawa, wasu manyan ma'aikatansa har gidan yari. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Haka ma a talla, kar ka rubuta a jikin kayanka cewa ba ya cutar da muhalli in baka da lambar da za ka nuna.

Wuta da mai su ne inda kula da muhalli ke dawo maka da kuɗi a aljihu, don haka in kana son shawo kan akanta ko abokan hannun jari, fara daga nan. Tattara rasit ɗin dizal da takardun kuɗin wuta da ruwa na wata 12. Kowace lita ɗaya ta dizal da aka ƙona na fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon, ta fetur kusan 2.3, ka ga da kalkuleta kawai ka fara sanin inda kake. Tsarin lissafin da aka fi bi a duniya, wanda ya fito a 2001, ya kasa hayaƙin kamfani gida uku: wanda ka ƙona da kanka a janareta da motoci da tukunyar wuta, wanda aka ƙona a wani wuri don samar da lantarkin da ka saya, sai na sauran sarƙar, wato masu kawo maka kaya da masu amfani da abin da ka sayar. Na ukun ya fi wuya kuma sau da yawa ya fi girma, ka fara da biyun farko ka ƙware tukuna. Ka raba abin da ka samu da yawan kayan da ka yi, lita nawa ga kowane tan ko kowane kwali, domin jimla kaɗai tana ruɗi in kasuwa ta ƙaru ko ta ragu. Sannan ka zo wurin da dare bayan an tashi ka saurara. Kwamfuresa da ke ta tashi ba kowa na aiki alama ce iska na yoyo a bututu, mitar ruwa da ke juyawa famfo duk a rufe alama ce bututu ya fashe a ƙasa. Iskar gas ɗin na'urar sanyaya ɗaki da firji ma abin lura ce, yarjejeniyar Montiriyal ta 1987 da gyaran da aka yi mata a Kigali a 2016 suna janye irin na da a hankali, don haka kafin ka sayi babbar na'ura ka tambayi wane gas take sha, kuma mai gyara ya riƙa zuƙe shi a silinda maimakon ya sake shi a iska.

Duk wannan ba zai tsaya ba in ba mutum ɗaya da aka ɗora wa, mai suna, mai lokaci a cikin satinsa, mai ikon cewa a tsayar da aiki kuma a tsaya. In ka naɗa ƙaramin ma'aikaci ka bar shi yana jayayya da manajan da ke sa hannu a albashinsa, baka yi masa adalci ba. Ya riƙa kawo rahoto gareka kai tsaye, ko na minti goma ne a taron wata. Game da ISO 14001, ma'aunin duniya na tsarin kula da muhalli a kamfani, wanda ya fito a 1996 aka sake masa fasali a 2004 da 2015, tsari ne mai kyau kuma abin da yake nema shi ne abin da muka bi a sama: tsara, aikata, duba, gyara, a sake zagayowa. Satifiket ɗin na taimakawa wajen neman kwangila, amma ni shawarata ka yi aiki da tsarin kamar shekara guda tukuna kafin ka kira odita, kuma ka sani samun satifiket bai ɗauke maka ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan doka ba.

Ka gwada shirin ko-ta-kwana da gaske. Ka zuba bokitin ruwa a ƙasa kusa da tanki ka ce dizal ne, ka ga me za a yi cikin minti biyar na farko. Abin da ake so shi ne a kare mutane, a tsayar da inda yake fitowa, a toshe bakin kwata, a tare shi da yashi, a kwashe cikin durom, a kira wanda ya kamata, a rubuta. Ka yi gwajin har da masu aikin dare da maigadi. Wanda ya kawo labarin zubewa ka gode masa a gaban mutane, in ka hukunta shi na gaba wanke wurin za a yi da tiyo a tura cikin kwata baka ji ba.

Ranar da aikin gini ya ƙare, kafin ka saki ragowar kuɗin ɗan kwangila, ka sake ɗaukar littafin nan da ka fara da shi da hotunan ranar farko ku zagaya tare. Ramin da aka ɗebi ƙasa an cike shi ko an daidaita bakinsa yadda yaro ko dabba ba za su faɗa ba? An mayar da ƙasar saman? An kwashe duroma, an kankare inda mai ya ɗiga, an rufe masan leburori? A sake auna rijiyoyin da aka auna da farko a gwada lambobin biyu. Ka miƙa wa waɗanda za su gudanar da wurin duk fayil ɗin, lasisi da sharuɗɗansa da littafin koke da alkawuran da ba a gama cikawa ba. Sannan ka sa rana a kalanda, bayan ruwan sama mai ƙarfi na farko, ka dawo ka bi kwatocin da ƙafa ka ga inda ruwan ya bi da abin da ya ɗauka.